Uwa a Gida da Kaɗaici: Tambayoyi da Amsoshi kan Neman Abokan Zama

Tambayoyin nan irin waɗanda mata ke yi wa juna ne da murya ƙasa-ƙasa, a gidan suna bayan an watse, ko a layin awo, ko cikin saƙon waya da tsakar dare. Na tattara su ne saboda iyayen da ba sa fita aiki, waɗanda yininsu ke ƙarewa tsakanin madafa da igiyar shanya da goyo. Matsayata a fili take: reno aikin taro ne tun asali, kuma uwar da aka bar mata shi ita kaɗai tana da haƙƙin neman abokan zama ba tare da an ce ta cika yawo ko ta rasa godiya ba.

Ga miji, ga yara, ga rufin asiri. To me ya sa nake jin kamar ni kaɗai ce a duniya?

Saboda ɗan shekara biyu ba abokin hira ba ne. Zai sa ki dariya, zai cika miki gida da hayaniya, amma ba zai tambaye ki ya kika kwana ba. Maigida ya fita tun da hantsi, ya dawo bayan isha'i a gajiye, ya ci tuwo, ya duba waya, barci ya kwashe shi. Ki tsaya ki lissafa manyan da kika yi magana da su yau. Wataƙila mai ruwa ne da yaron shago, kuma duka maganar ba ta wuce nawa ne ba.

Mutum yana iya zama cikin jama'a ya ji kaɗaici, muddin babu wanda ya san halin da yake ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan wannan matsala a 2023, kuma rahoton da ya fitar a 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da ita. Don haka abin da kike ji ba butulci ba ne, 'yar'uwa, kuma bai nuna raunin imani ba.

Iyayenmu ma ai a gida suka zauna, ba mu ji suna wannan kukan ba. Me ya canza?

Gidan ne ya canza. Wadda ta tashi a babban gida ta san yadda yake: sassa huɗu ko biyar, tsakar gida ɗaya, faccaloli da kishiyoyi da uwar miji da gwaggon da aurenta ya mutu ta dawo. Ana daka mutum biyu a turmi ɗaya, ana surfe ana hira, wannan tana yi wa waccan kitso, goyon wata yana bayan wata. In jariri ya tashi da kuka cikin dare, kafin uwar ta ruɗe wata tsohuwa ta ɗaga labule ta ce miƙo shi nan. Mace ko tana kulle, labarin gari yana iske ta: dillaliya ta shigo da ƙunshinta, 'yan talla suna shige da fice, yara suna kai saƙo, makwabciya tana leƙowa ta katanga neman rushi ko aron rariya. Haihuwar fari kuwa a gidan iyaye ake wankanta, kwana arba'in ana yi mata komai.

Ba na cewa zaman nan aljanna ne. Akwai gori, akwai sa ido, akwai amaryar da ta sha wuya a hannun dangin miji har ta gwammace ko ɗaki ɗaya ne a ba ta nata. Mata da yawa sun yi addu'ar samun gidansu su kaɗai, kuma suna da hujja. Sai dai da aka samu gidan, hannayen da ke karɓar goyo ba su biyo mu ba. Yau amarya daga Katsina ko Gusau ana kai ta rukunin gidaje a Abuja, ko bariki a Fatakwal, ko bene hawa na huɗu a Jidda, get a rufe, makwabta ba a san sunansu ba. Injin markaɗe da famfo sun rage wahala, amma sun tafi da dalilan haɗuwa. Aikin da mata biyar suke rabawa ya dawo kan mace ɗaya, kuma tana yinsa shiru. Idan uwarki ta ce ita ba ta yi wannan kukan ba, gaskiya ta faɗa, domin ba irin zamanku ɗaya ba.

Yaya zan bambance kaɗaici da ciwon damuwa na bayan haihuwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a karanta a tsanake. Mata da yawa, kwana biyu ko uku bayan haihuwa, sukan ji kuka yana zuwa ba dalili, ga saurin fushi, ga fargaba. Wannan yakan wuce da kansa cikin sati biyu. Idan ya zarce sati biyu yana ƙara nauyi, to a sa ido. Alamominsa: barci ba ya zuwa ko da jariri ya yi barci, abinci ba ya shiga, abin da kike so a da ya fita ranki, kina jin ke ba uwa ta gari ba ce, kina kallon jaririn ba kya jin komai, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi 13 cikin ɗari na masu jego suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Ke nan a cikin mata biyar da ke zaune a benci ranar rigakafi, ana iya samun ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna da takardar tambayoyi goma, ma'aunin Edinbura, da aka fitar tun 1987, wadda ke taimaka musu gane shi. Yana da magani, kuma akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha idan likita ya rubuta.

Akwai kuma mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu: mai jego ta rikice, tana jin muryoyi, tana faɗin abin da ba shi, ta kwana biyu ba ta runtsa ba. A wurinmu nan da nan sai a ce iska ce ko sammu. A yi addu'a, amma a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitoci na musamman a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Ƙawaye suna rage kaɗaici, amma ba sa maye gurbin likita. Babban amfaninsu a nan shi ne su ne ke fara lura cewa wance ta yi shiru da yawa.

Ni baƙuwa ce a unguwa, ban san kowa ba. Ta ina zan fara?

Fara da ƙofar da ta fi kusa. Ki zuba ɗan abin da kika dafa a kwano ki aika wa makwabciya, ko ki kai da kanki ki yi sallama. Kwano ba ya dawowa wayam, kuma ko ya dawo kin riga kin san fuska. Bayan nan sai wuraren da dole za ki je: asibiti ranar rigakafi, inda sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu za ki riƙa haɗuwa da mata masu jarirai sa'annin naki, ƙofar makarantar yara lokacin tashi, gidan mai kitso. Ki tambayi suna, ki karɓi lamba, ki kira bayan kwana biyu ki ce ya jikin yaron.

Wurin da ya fi kowanne dorewa a ganina shi ne Islamiyyar matan aure, ta safe ko ta bayan magariba. Karatu ake zuwa, amma a nan ake sanin wadda ta haihu, da wadda aka yi wa rasuwa, da wadda ba a gani ba kwana uku. Wannan hanya tana da tushe. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa dattijai mata a matsayin jaji, wato malama mai jagorantar mata, a ba su malfa da jan ƙyalle, su riƙa kai karatu cikin waƙa ga matan ƙauyuka da ba sa iya barin gidajensu. Ta gane cewa mace mai reno ba za ta iya zuwa wurin ilimi kullum ba, sai ta aika mata ilimin tare da mai kawo shi. A zamaninmu FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. 'Yan'uwa Kirista kuma suna da Zumuntar Mata a majami'unsu, wadda ta shahara wajen ziyarar mai jego da marar lafiya.

Zaurukan mata na WhatsApp da Facebook fa, zumunci ne na gaskiya?

Suna iya zama. Wadda ta taɓa zama da jariri mai kukan ciki ƙarfe biyu na dare, gari ya yi tsit, ta rubuta "akwai wadda ba ta yi barci ba?" sai ga amsa uku sun shigo, ta san darajar abin. Ga matar da aka kai ƙasar da ba a jin Hausa, jin muryar wata tana cewa "sannu da fama, Maman Hanifa" ya isa ya sauke mata wani nauyi. A zaure ne mata ke koyon girki da haɗa turaren wuta, suke sayar da atamfa da humra daga ɗakinsu, suke tara wa wata kuɗin tiyata. Kuma akwai abin da mace za ta iya faɗa wa wadda ba ta san danginta ba, wanda ba za ta iya faɗa wa 'yar ɗakinsu ba.

Iyakarsa kuma a bayyane take. Zaure ba ya riƙe miki goyo ki yi wanka, ba ya raka ki asibiti. Shi ya sa Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta soke wannan ba. Abin da nake ba da shawara shi ne ki mai da zaure wurin tsintar mutane. Cikin mata ɗari biyu, ki nemi biyu ko uku da ke garinku waɗanda hankalinki ya kwanta da su, ku fara kiran juna, sannan ku ziyarci juna da sanin mazajenku. Gwajin mai sauƙi ne: in yaronki ya yi zazzaɓi mai zafi maigida ba ya gari, lambar wa za ki kira? In ba ki da amsa, to aikin neman abokan zama bai ƙare ba, ko zaure nawa kike ciki.

Wane irin zaure zan shiga, wanne zan fita?

Ƙarami ya fi. WhatsApp yana barin mutum 1,024 a zaure ɗaya, amma inda mutane suka kai haka ba hira ake yi ba, talla ce da turo-turo. Ki nemi wanda kika san shugabarsa ko kika san wadda ta san ta, wanda yake da doka kuma ake bin ta. Ki fita daga duk inda ake kawo hoton wata a yi ta yanka, inda ake zuga mata a kan kishiya da uwar miji, inda kowace matsala maganinta boka ko kayan mata na dubu talatin, da inda kika lura duk sanda kika rufe shi ranki a ɓace yake. Ba sai kin yi sallama ko bayani ba. A saitin sirri na WhatsApp akwai wurin da za ki hana kowa jefa ki zaure sai waɗanda kika yarda da su.

A sani kuma ba duk mai sunan mace da hoton fure ba ce mace. Maza suna shiga zaurukan mata da sunan bogi, don haka shugabanni masu lura sukan nemi saƙon murya ko shaidar wata mamba kafin su karɓi baƙuwa.

Har ina zan iya faɗin matsalar aurena?

Mata sun daɗe suna zama su tattauna halin mazajensu. Hadisin Ummu Zar'in, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, labarin mata goma sha ɗaya ne da suka zauna kowace ta siffanta mijinta, kuma Annabi (SAW) ya saurari labarin har ƙarshe. Neman shawara halal ne, kuma cewa mace ta haɗiye komai da sunan haƙuri ya kai wasu ga hawan jini. Amma akwai iyaka: hadisi ya yi kakkausan hani ga yaɗa sirrin shimfiɗa, ga namiji da mace baki ɗaya.

Ga waya kuma akwai ƙarin hatsari. Abin da kika faɗa a tsakar gida iska ce ke ɗauka, abin da kika rubuta ana ɗaukar hotonsa cikin daƙiƙa, ya isa wayar ƙanwar mijinki kafin la'asar. Saboda haka babbar matsala a kai ta ga mutum ɗaya mai hankali da amana, ba taro ba: yayarki, malamarku, ko wata dattijuwa da ta ga jiya. In dole sai zaure, ki tura wa shugaba ta saka ba suna, ki cire duk abin da zai sa a gane gidan. Ki kuma tuna masu ba ki amsa ɓangare ɗaya suka ji, kuma ba su za su zauna da sakamakon ba. Wadda ta rubuto miki "wallahi ni ce da tuni na bar gidan" tana iya yiwuwa tana zaune da abin da ya fi naki.

Duka da barazana daban ne. Wannan ba sirrin da ake rufewa ba ne. A sanar da waliyyi, in abin ya ci tura a je hukuma.

Idan yaro ba lafiya, in tambaya a zaure?

Ki tambaya don samun ƙarfin gwiwa da sanin wane asibiti ne ke da likitan yara, amma kada zaure ya rubuta miki magani. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi, ko yaro ya ƙi kama nono, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na loɓawa, ko ya yi jijjiga, ko gudawa ta sa idonsa ya faɗa, asibiti za a nufa, ba a jira amsar kowa. Ba a ba wanda bai shekara ba zuma. Ba a cusa wa mai jijjiga cokali a baki. Nono zalla wata shida shi ne shawarar masana, ko da tsofaffi sun matsa a ba shi ruwa.

Ke ma mai jego, in kina haki, ƙafafu sun kumbura, ba kya iya kwanciya sai kin jingina, ki je a duba zuciyarki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Duk haɗin da ake tallatawa a zaure ba lambar NAFDAC ba sunan abin da ke ciki, ki bar wa mai shi.

Laifi ne in riƙa saka hotunan yarana?

Ki rage, ki kuma zaɓi masu gani. Kada a saka yaro tsirara ko yana wanka, kada a nuna rigar makarantarsa da sunanta, ko ƙofar gida da lambar mota. A yanayin da muke ciki na satar mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Adashi fa? Ana cewa yana haɗa kan mata.

Yana haɗawa ƙwarai, domin yana ba da dalilin haɗuwa da ba mai iya kushewa. Zubin sati ko na wata yana sa a ga juna, a san wadda ta matsu a ba ta kwasa kafin lokacinta. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata suna haɗuwa duk sati, suna zuba abin da ya sawwaƙa a asusu, suna ba junansu rance, ƙarshen zango a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan sa wa akwatin kuɗi makullai uku a hannun mata uku, a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ta san gidan kowa.

Adashin waya da mutanen da ba ki taɓa gani ba ya rasa wannan ginshiƙin. Uwar adashi tana iya kashe waya ranar kwasarki. In za ki shiga, ya zama akwai wadda kika san gidanta da za ta tsaya mata, a rubuta jerin kwasa, kuma kada ki zuba abin da in ya salwanta zai taɓa aurenki. Duk wanda ya ce kawo dubu goma ki karɓi ashirin ƙarshen wata, ki tuna tsare-tsaren damfara masu alkawarin ninka kuɗi, irin su MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX da ta tafi da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Haka kuma lambobi shida da WhatsApp ke turo miki ba a ba kowa su, ko da mai kiran ta ce daga zaurenku take kuma za a yi taro. Da su ake ƙwace layi a riƙa roƙon kuɗi da sunanki.

Ina son rubutu. Zai iya zama hanyar samun mutane?

Sosai kuwa. Tun shekarun 1980 matan aure a Kano da kewaye suke rubuta littattafai daga cikin ɗakunansu, masu karatu suna aiko musu wasiƙu, kuma da yawa daga cikin abotar marubuta mata ta nan ta fara. Yau wasu suna sakin labari shafi-shafi a waya, masu karatu suna jira kamar yadda ake jiran shirin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata zalla, kuma ta fito da matan da ba a san suna rubutu ba.

Ba dole sai ƙagaggen labari ba. Ki rubuta yadda kika yaye ɗanki, yadda kike tafiyar da cefane da tsadar nan, abin da kika ji ranar da 'yarki ta fara zuwa makaranta. Abin da ke jawo mutane shi ne gaskiyar ƙananan abubuwa: tuwon da ya kama saboda kina canza wa jariri ƙunzugu, da kukan da kika yi a banɗaki don kada yara su gani. Wata za ta karanta ta ce ashe ba ni kaɗai ba ce, kuma daga wannan kalmar ake fara ƙawance. Ki sakaya sunaye, ki bar abin da zai kunyata yaranki in sun girma.

Mijina ba ya son ina fita, ba ya son ina riƙe waya. Ya zan yi?

Ki fara gano abin da yake tsoro. Wani ya ga auren abokinsa ya mutu ta dalilin zuga, wani kishi ne, wani kuwa bai taɓa tunanin kina cikin kaɗaici ba domin shi yini yake cikin mutane. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki faɗi abin da kike ji ba tare da tuhuma ba, ki nemi abu takamaimai: Islamiyya kwana uku a sati, ziyarar gida duk Juma'a biyu, ƙawa ɗaya da ya san mijinta. Buƙata mai iyaka ta fi saurin karɓuwa. In ya ƙi sauraro, a sa wanda yake jin nauyi ya yi masa magana. Hana mace iyayenta da 'yan'uwanta da kowa baki ɗaya ba tsari ba ne, cutarwa ce, kuma ya kamata manya su sani.

Ni magidanci ne. Me ake so in yi?

Malam, ka gwada yini ɗaya da yaran kai kaɗai, daga karin kumallo zuwa barci, za ka fahimci rabin maganar. Sauran rabin kuma: in ka dawo ka ajiye waya minti ashirin ka saurare ta, ko labarin bai wuce na haƙorin da ya fito ba. Ka ɗauki yaran zuwa masallaci ko gidan kakanni ta samu ta numfasa. Ka kai ta gidan ƙawarta da kanka. Ka sa kuɗin data da na mota cikin lissafin cefane. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Kuma da mata suka roƙe shi ya ware musu rana ta karatu, ya ware musu.

Wayar ta fara cinye mini lokaci, kuma ina ganin kowa ta fi ni jin daɗi.

Abin da ake ɗorawa zaɓaɓɓe ne. Falon da kika gani an share shi ne don hoto, kuma ba a ɗora rigimar da aka yi kafin a ɗauka. In shafin wata yana sa ki raina gidanki, ki daina bin sa. Ki rufe ƙarar zauruka, ki ware lokaci biyu a yini, misali bayan azahar in yara sun kwanta da bayan isha'i. Lokacin shayarwa da cin abinci ki kifa ta, domin jariri fuskarki yake karantawa. Kada kuma wayar ta zama mai reno: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da jariri gaban allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Ba ni da babbar waya, karatuna kuma bai yi nisa ba.

Ba ki rasa komai na asali ba. Makwabta da Islamiyya da adashi da gidan biki ba sa buƙatar data. Ƙaramar waya ta isa kiran ƙawa, rediyo kuma yana da shirye-shiryen mata da ake buɗe layi. In kin samu babbar, saƙon murya ya wadatar, ba sai kin rubuta ba.

Ina so in haɗa matan layinmu. Ya ake farawa?

Da mutum huɗu ko biyar, ba da suna da kati da shugabanni ba. Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, misali Laraba bayan la'asar, ku riƙa zagayawa gida-gida. Ku yi doka tun farko cewa mai masauki ba za ta wuce ruwa da ɗan abin taɓawa ba, domin gasar girki ce ke kashe irin wannan zama; marar hali sai ta fara jin kunyar ranar da zaman zai zo gidanta ta janye. A zo da yara, a shimfiɗa musu tabarma gefe. Ku samu abin yi da hannu ko da baki, tilawa ko koyon ɗinki ko ƙaramin zubi, saboda zaman da ba shi da aiki gulma ce ke cika shi. Wadda ba ta zo ba a kira ta a daren.

In kun saba, sai ku fara karɓa wa juna: yau ke ki riƙe yaran wance ta je asibiti, jibi ita ta riƙe naki ki yi barcin awa biyu. Wadda ta haihu a raba kwanaki, kowace ta kai mata abinci rana ɗaya har sati ya zagayo, a kuma ci gaba da leƙa ta bayan suna, lokacin da 'yan barka suka ɗauke ƙafa. Ku sa ido a kan amaryar da aka kawo layin, da matar da mijinta ke aiki a wani gari, da wadda ba Bahaushiya ba, domin su ne ba za su fara sallama ba. In kun wuce goma sha biyu, ku rabu gida biyu, ku riƙa haɗuwa gaba ɗaya da salla.